Silatwal: Abin Da Ya Kamata Mai Shago Ya Sani Kafin Ya Kafa Allon Rataye Kaya

Duk wanda ya saba shiga shagunan sayar da kayan waya, ko kantunan takalma da tufafi da kayan kwalliya a manyan birane, ya san bangon nan mai layuka a kwance daga wannan kusurwa zuwa waccan, wanda ake saƙala wa ƙugiyoyi da ƙananan kantoci a jera kaya. Masu sayar da kayan ƙawata shago suna kiransa silatwal, wato allo mai tsagogi. Farin jininsa bai rasa nasaba da tsadar hayar shago ba: idan daɓe ya yi kaɗan, bango ne ya rage wa ɗan kasuwa ya baje hajarsa.

Sai dai allon da ake gani a waje rabin aikin ne kawai. Sauran rabin yana ɓoye a bayansa, kuma shi ne ke yanke hukunci ko bangon zai yi shekaru yana ɗauke da kaya, ko kuwa wata rana ya ɓalle ya zubo da jarin mai shago a ƙasa, wataƙila ma a kan mai saye. Wannan bayani ya tattaro abin da allon yake, da yadda ake zaɓarsa, da yadda ake kafa shi a irin bangon da aka fi ginawa a Najeriya.

Mene ne silatwal?

Allo ne mai faɗi da aka fafe wa tsagogi a kwance, tazararsu ɗaya daga sama har ƙasa. Idan aka dubi tsagar ta gefe, bakinta matsattse ne, cikinta kuma ya buɗe sama da ƙasa, siffar harafin T da aka kwantar. Kowace ƙugiya tana da ɗan farantin ƙarfe a bayanta mai lanƙwasasshen kai. Kan ne ke shiga tsagar ya maƙale a bayan leɓenta na sama, sauran farantin kuma ya jingina da fuskar allon. Ba a buƙatar ƙusa ko guduma: a ɗaga ƙugiya a zare ta, a mayar da ita duk inda aka ga dama.

A Amurka aka fara amfani da wannan dabara, kuma tun a shekarun 1960 aka yi wa irin wannan allo rajistar mallakar fasaha a can. Shi ya sa har yau awonsa ke bin ƙafa da inci. Allo guda yakan zo da ƙafa 4 a ƙafa 8, wato milimita 1220 a 2440, kaurinsa kuma kashi uku cikin huɗu na inci, milimita 18 zuwa 19. A tsarin Amurka tazarar da ke tsakanin tsaga da tsaga inci 3 ce, ko da yake akwai mai inci 4 da mai inci 6. A Birtaniya an fi amfani da allo mai milimita 1200 a 2400, da tazarar milimita 100.

A bakin sama da bakin ƙasa na kowane allo akwai rabin tsaga. Idan aka ɗora allo a kan ɗan'uwansa, rabi da rabi sai su haɗu su zama cikakkiyar tsaga, mahaɗar ta ɓace. Saboda haka allo mai tazarar inci 3 yana da cikakkun tsagogi 15 da rabi biyu, mai tazarar milimita 100 kuma yana da 11 da rabi biyu.

Ire-irensa

Mafi yawan silatwal da ke kasuwa da katakon MDF aka yi shi. MDF ba icce ba ne da aka yanko daga bishiya; zaren itace ne da aka niƙa, aka cakuɗa da gam, aka danne da zafi har ya zama allo. Yana da santsi, yana yankuwa da kyau, kuma ya fi sauran araha. Akan lulluɓe fuskarsa da melamin, fari ko baƙi ko mai launin katako, wasu kuma sukan zo babu lulluɓi domin a yi musu fenti. Yana da aibi biyu: ba ya shiri da ruwa, kuma leɓen tsagarsa yana iya ɓarewa idan nauyi ya yi masa yawa.

Domin maganin aibi na biyu ne ake zura wa tsagogin layin alminiyam. Layin yana ɗaukar matsin ƙugiyar ya rarraba shi a tsawon tsagar, maimakon ya taru a wuri guda. Akwai kuma layin roba mai launi, amma wannan ado ne kawai, yana rufe cikin tsaga da kawunan sukuru, ba ya ƙara wa allo wani ƙarfi na a zo a gani. Wajibi ne mai saye ya bambance su, domin daga nesa layin roba mai launin azurfa yana kama da alminiyam.

Akwai silatwal na robar PVC, wanda ruwa ba ya kumbura shi kuma gara ba ta cinsa, don haka ya dace da wuri mai danshi. Akwai kuma na alminiyam zalla ko na ƙarfe, wanda ya fi kowanne ƙarfi da tsada. Waɗannan biyun sukan zo a dogayen sassa da ake harɗawa ɗaya a kan ɗaya, kuma kowane kamfani yana da irin nasa tsarin kafawa.

Batun nauyi

Allon MDF guda mai ƙafa 4 a 8 yana kai kilo 35 zuwa 40 tun kafin a rataya masa komai. Bangon da ya ɗauki alluna huɗu ke nan yana riƙe da kusan kilo 150, nauyin buhun siminti uku, sannan a zo a ɗora kaya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ƙusa da gam ba za su wadatar ba.

Nauyin da ƙugiya ɗaya za ta ɗauka ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Abin da aka fi bayarwa ga MDF marar layin ƙarfe bai wuce kamar kilo 5 a kowane hannu ba, layin alminiyam kuma yakan ninka wannan sau uku zuwa huɗu. Adadin da kamfanin da ya yi allon ya rubuta shi ne abin bi, don haka ya kamata a nemi takardarsa wurin dillali.

Tsawon ƙugiya ma yana cikin lissafi. Kayan da aka rataya a ƙarshen ƙugiya mai santimita 30 suna yi wa leɓen tsaga ninki biyu na matsin da za su yi a ƙarshen mai santimita 15, alhali nauyinsu bai sauya ba. Haka ma kanta mai zurfi ta fi marar zurfi wahalar da allo. Mai sayar da caja da rigunan waya da abin sauraro na kunne zai iya zama da MDF zalla. Mai sayar da takalma, ko turare a kwalabe, ko kayan gyaran mota, ko tufafi da yawa a hannu ɗaya, bai kamata ya sayi allon da babu alminiyam ba. A nan karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata.

Abin dubawa kafin saye

Da farko a auna bangon, tsawo da faɗi, a wurare fiye da ɗaya, domin ba kasafai bango ke zama daidai daga kusurwa zuwa kusurwa ba. A zana inda soket da makunni da taga suke.

Na biyu, a fayyace wa dillali yadda ake son tsagogin su bi. Akwai allon da tsagoginsa ke bin tsawon ƙafa 8, wanda ake kafawa a kwance, akwai kuma wanda suke bin ƙafa 4, wanda ake kafawa a tsaye. Ba a juya ɗaya ya zama ɗaya, domin tsaga ba ta aiki sai a kwance.

Na uku, a gwada ƙugiyoyi da hannuwan kanta a jikin allon tun a wurin saye. Farantin da ya yi wa tazarar tsayi zai hau kan tsaga ta gaba ya ƙi zama, wanda kansa ya yi kauri kuma ba zai shiga layin alminiyam ba. An fi samun kwanciyar hankali idan allo da kayan ratayarsa sun fito daga hannu ɗaya. Haka nan a sayi allunan gaba ɗaya lokaci guda, saboda launi da tazara suna iya ɗan bambanta tsakanin wannan kaso da wancan.

Bangon bulo ba bangon Amurka ba ne

Yawancin umarnin da ke zuwa da allon, da hotunan bidiyo da ake gani a intanet, an yi su ne domin gine-ginen Amurka. A can, bangon ciki firam ne na katako ko ƙarfe mai ginshiƙai a tsaye duk bayan inci 16, an rufe shi da allon jifsam. Mai kafawa yana nemo ginshiƙan ne kawai ya ɗaure allon a jikinsu. A Najeriya kuwa bangon shago bulo ne na yashi da siminti, mai inci 6 ko inci 9, mai rami a ciki, an shafe shi da filasta. Babu ginshiƙin da za a nema, sai dai a samar da shi.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara kafa sandunan katako a tsaye a jikin bangon, sannan a ɗaure allon a kansu. Katakon inci biyu a biyu, wanda kafintoci ke kira tubaitu, yana wadatarwa. A jera sandunan da tazarar santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Bango mai tsawon ƙafa 16 zai ci sanduna 13, a ƙara guda a inda alluna biyu za su haɗu, domin bakin kowanne ya sami wurin zama.

Sandunan suna da amfani uku. Suna ba sukuru abin kamawa mai kyau. Suna ba da damar daidaita bangon da filastarsa ta yi tudu da kwari, ta hanyar cusa siraran ɓaɓɓaken katako a bayan sanda har fuskokinsu duka su zo layi ɗaya. Sannan suna barin sarari tsakanin bango da allo, inda iska za ta riƙa wucewa, danshin bango ba zai taɓa MDF kai tsaye ba.

Dole katakon ya zama busasshe, domin ɗanye yana murɗewa idan ya bushe, ya ja allon tare da shi. A shafe shi da maganin gara ta kowane gefe, har da bakin da aka yanka, a bari ya sha iska kafin a kafa.

Ana ɗaure sanda a bulo da fisha da sukuru, ba da ƙusar kankare ba, wadda ke farfasa bulo kuma take sassautawa da tafiyar lokaci. Fisha mai milimita 8 ko 10 da sukuru mai tsawon santimita 10 sun dace da tubaitu, a sa ɗaya duk bayan santimita 40 zuwa 50 a tsayin sandar. Tun da ƙarfin bulo ya bambanta ƙwarai, a fara gwada fisha ɗaya a ja ta da ƙarfi. Idan ramin yana zubar da yashi fishar tana juyawa, a sauya wuri ko a nemi irin fishar da ke buɗewa a cikin ramin bulo. Idan bangon gaba ɗaya rubabbe ne, ko na ƙasa ne, mafita ita ce firam mai zaman kansa wanda ƙafafunsa ke tsaye a daɓe, a kama shi a sama domin kada ya kife. Shagon kwantena ko na kwano kuma yana buƙatar firam na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda mai walda zai haɗa, a ɗaure allon da sukuru mai huda ƙarfe da kansa.

Kafin a fara huda bango, a kashe wutar shagon daga babban makunni. Wayoyin da aka binne yawanci suna tafiya ne a miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunni, don haka a kauce wa waɗannan layuka.

Matakan kafawa

A kawo allunan shagon kwana biyu kafin ranar aiki, a kwantar da su a shimfiɗe a kan katako, ba a jingine da bango ba, domin su saba da yanayin ɗakin. MDF yana ɗan kumbura da danshin damina, ya ɗan tsuke da bushewar hunturu. Idan ginin sabo ne, a jira filasta ta bushe sarai.

Bayan an kafa sanduna, a ja layin lebur inda gindin allon farko zai zauna. Ba a dogara da daɓe ko rufi wajen wannan layi, sai da ma'aunin lebur ko tiyon ruwa irin na magina. Kuskuren da ba a gani a allo ɗaya yana fitowa fili idan tsagogi suka miƙe tsawon bango, kuma kanta mai karkata ba ta riƙe kaya. A ɗaga gindin allon daga ƙasa aƙalla santimita 10 zuwa 15, saboda ruwan goge daɓe da wanda ke shigowa lokacin ruwan sama. A buga wata sanda a kwance a kan layin, ta tallafi allon yayin da ake ɗaure shi. Aikin na mutum biyu ne ko uku.

Daga ƙasa ake farawa a yi sama. Sukuru yana shiga ne ta cikin tsaga, ba ta fuskar allo ba, ya ratsa bayan allon ya shiga sanda. A yi amfani da mai shafaffen kai, tsawon santimita 4 zuwa 5, a nutsar da kan ya yi daidai da cikin tsagar domin kada ya tare wa ƙugiya hanya. Kada a matse shi fiye da kima, saboda naman da ya rage a bayan tsaga siriri ne, kan sukuru yana iya ratsa shi ya wuce. A kowace sanda a sa sukuru a tsaga ɗaya a tsallake ɗaya. Inda za a rataya kaya masu nauyi, a sa a kowace tsaga. Idan akwai layin alminiyam, a fara huda shi da ƙaramin bakin inji, a fafe wa kan sukuru wurin zama.

Wajen haɗa allo da na gefensa, a zura guntun layin alminiyam a tsagar sama da ta ƙasa ya ratsa mahaɗar, domin tsagogin su yi daidai kafin a ɗaure. A bar ɗan sarari na milimita 2 zuwa 3 a kusurwoyi da ƙarshen bango saboda kumburin damina. Allon da aka matse tsakanin bango biyu babu wurin motsi yakan yi ciki ya turo waje.

Idan za a yanka, a liƙa tef a kan layin yanka domin melamin kada ya ɓantare, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora. Da zarton inji na hannu, a kifa fuskar allon ƙasa. A zare layin alminiyam a yanka shi daban. Yankan da za a yi don rage tsayi a bar shi a saman allo na ƙarshe, kada a taɓa bakin da zai haɗu da wani. Duk bakin da aka yanka a shafe shi da fenti ko a rufe shi da murfin gefe, domin ta nan danshi ke shiga.

Soket da makunni ba a binne su a bayan allo. A yanka musu gurbi, mai aikin wuta ya jawo su gaba su zauna a fuskar allon. MDF yana cin wuta, kuma haɗin waya da aka ɓoye inda ido ba ya kai wa haɗari ne ga shagon da ma maƙwabtansa.

Lafiyar masu aiki

Yankan MDF yana tayar da ƙura mai laushi ƙwarai, kuma gam ɗin da aka fi haɗa shi da shi yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako da fomaldihaid duka a jerin abubuwan da ke haddasa cutar daji ga ɗan'adam. Saboda haka a yi yanka a waje ko inda iska ke kaɗawa, da takunkumin da ke tace ƙura da tabarau na kariya, a share ƙurar kafin a shigo da kaya.

Mai shagon haya

Wanda ke haya ya fara samun yardar mai gini kafin ya huda bango, kuma ya fi kyau a rubuta ko allunan na wane ne idan haya ta ƙare. Umarnin wasu kamfanoni yana cewa a haɗa da gam a bayan allo. Gam yana ƙara riƙo, amma allon da aka liƙe ba ya fita sai a farfashe. Wanda aka ɗaure da sukuru kaɗai a kan sanduna ana iya kwance shi a tafi da shi sabon wuri, a toshe ramukan fisha a yi fenti.

Jera kaya da kulawa

Idan an gama, a gwada bangon kafin a cika shi: a rataya nauyi a wurare daban-daban, a duba ko allon yana motsi ko yana ƙara. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, marasa nauyi sama, waɗanda aka fi so mai saye ya gani kuma a daidai tsayin ido. Kada a tara masu nauyi a tsaga ɗaya. Doguwar kanta, musamman ta gilashi, tana buƙatar hannu na uku a tsakiya.

Ana goge allon da busasshen tsumma ko mai ɗan laima, ba a watsa masa ruwa. Ƙurar hunturu da ke taruwa a tsagogi a fitar da ita da burushi. Wajen cire ƙugiya, a ɗaga ta sama tukuna sannan a zaro. Fizgarta kai tsaye ne ke ɓare leɓen tsaga.

Alamomin da ke nuna matsala a bayyane suke: ƙugiya ta fara sunkuyar da kai, leɓen tsaga ya kumbura ko ya tsage, gindin allo ya yi laushi, ƙasar gara ta bayyana a gefe, ko sarari ya buɗe tsakanin allo da bango a sama. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi muni, domin tana nufin fisha ta fara sakin bulo. Da zarar an gan ta, a sauke kayan nan take a kira kafinta.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ranar da ake kafa sanduna ce kaɗai mai shago zai iya ganin irin katakon da aka sa, da yawan fishar da aka buga, da yadda ta kama bulo. Da zarar allo ya rufe su, ba zai sake ganinsu ba. Saboda haka ya fi dacewa ya kasance a wurin a wannan rana, ya ja kowace sanda da hannunsa, kafin ya ba da izinin ɗora allon farko.